Baba yana da ciwon suga, layukan Alƙur'ani sun fara karkace masa

Wasiƙar wannan makon ta fito daga wani matashi manomi da ke wani ƙauye a ƙasar Ringim, Jihar Jigawa. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane gidan.

"Assalamu alaikum Baba. Mahaifina malamin makarantar allo ne, shekarunsa 63. Yau shekara 11 ke nan da aka ce yana da ciwon suga. Ba ya shan ƙwayoyin asibiti sai ya ji jikinsa ya yi nauyi, ko fitsarin dare ya dame shi. Da ya ji sauƙi sai ya ajiye su ya koma jiƙon shuwaka. Tun bayan Babbar Salla yake cewa layukan Alƙur'ani suna karkace masa. Makon jiya kuma ya tashi da asuba ya ce yana ganin wasu baƙaƙen abubuwa kamar ƙudaje da saƙar gizo suna yawo a idonsa na hagu. Bayan kwana uku suka ragu, ya ce Allah ya yaye. Na kai shi kemis aka gwada suga, aka samu 286. Kawuna ya ce yanar ido ce, a jira mai cire yana da ke zuwa kasuwa. Mahaifin nawa kuma ya ce tsufa ne, in sayo masa tabarau kawai. Ina da kuɗin riɗin da na sayar, na ajiye don haɗa lefe. Shin suga yana taɓa ido alhali idon ba ya ciwo, ko ja bai yi ba? Kuma yaya zan yi da shi, tunda ban taɓa yi masa musu ba?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka, Allah ya ba Malam lafiya, ya bar masa ganinsa.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Ka kai shi wurin likitan ido cikin makon nan. Kada ka ce sai an gama sussuka, kada ka ce sai ranar kasuwa ta zagayo. Mutumin da ya shekara 11 da suga, ya wayi gari yana ganin ƙudaje da saƙar gizo farat ɗaya, abin da muke fara zargi shi ne wata ƙaramar jijiya ta fashe, jini ya zuba a cikin ƙwayar idon. Raguwar da suka yi bayan kwana uku ba warkewa ba ce. Ka ɗebo ruwan kududdufi a kwalba ka ajiye, zuwa anjima za ka ga laka ta kwanta, sama ya washe. Haka jinin yake kwanciya a ƙasan ido, mutum ya ga gari ya waye masa, alhali jijiyar da ta zubar da shi tana nan, ita da 'yan'uwanta, kuma zuba na biyu ya kan fi na farko yawa. Gwajin likita ne zai tabbatar da abin da ke ciki, amma alamun da ka lissafa sun isa a tashi tsaye.

Ka tambaya ko suga yana taɓa ido ba tare da ciwo ba. Yana taɓawa, kuma rashin ciwon shi ne babban sharrinsa. Zan ɗan tsaya a nan in yi maka bayani sosai, don na lura idan mutum ya gane abin da ke faruwa a cikin idon, ba sai an yi ta roƙonsa ya sha magani ba.

Can a bangon baya na ƙwayar ido, daga ciki, akwai wani tantani a shimfiɗe, siriri kamar ɓawon albasa, bai kai rabin milimita kauri ba. Likitoci suna ce masa retina. A kansa haske yake sauka, shi yake mayar da hasken saƙo ya tura wa ƙwaƙwalwa. Duk abin da ke gaban ido, baƙin nan da muke gani da ɗan gilashin da ke bayansa, aikinsu kawai su kai haske gare shi. A tsakiyarsa akwai wani ɗan wuri da bai kai ƙwayar wake faɗi ba, da shi Malam yake bambance ba da ta da sa, da shi yake ganin wasali da ɗigo, da shi yake gane fuskar almajirin da ya zo biya karatu. Wannan tantani ba shi da jijiyar jin zafi ko ɗaya. Zai iya zubar da jini, ya kumbura, wani sashe nasa ya mutu, mai idon bai ji ko ƙaiƙayi ba, kuma wanda ya kalle shi daga waje zai ga ido fari tas.

Tantanin nan, duk da ƙanƙantarsa, yana daga cikin sassan jiki mafiya cin iskar oksijin, don ba ya hutawa. Saboda haka Allah ya saƙa masa hanyoyin jini ƙanana ƙwarai, waɗanda gashin kanka ya ninka su kauri kusan sau goma. Ƙwayoyin jini ma sai sun bi layi ɗaya bayan ɗaya suke wucewa ta ciki. Kai manomi ne, ka san noman rani. Ka ɗauki babbar jijiya a matsayin babbar hanyar ruwa, waɗannan kuma su ne 'yan hanyoyin da suke kai ruwa kowane fangali. Idan suka lalace, ko kogi ya cika ya batse, fangalin ƙarshe sai ya bushe.

Kowace irin wannan hanya da ƙwayoyin halitta iri biyu aka gina ta. Na farko su ne na ciki, waɗanda suka yi mata yaɓe. Shimfiɗaɗɗu ne, gefen wannan a manne da gefen wancan kamar an bi da allura an ɗinke, ta yadda ruwan jini da kitse ba su da kafar ɓullewa waje, sai abin da tantanin yake buƙata kawai ake miƙa masa. Na biyu suna daga waje, sun miƙa yatsu sun rungume hanyar. Sunansu a bakin likitoci perisait. Ni dai tanka nake ce musu, don aikinsu ɗaya da tankar danga: su suke riƙe hanyar kada ta buɗe, su suke matse ta ko su sassauta gwargwadon jinin da ake buƙata, su kuma suke hana na cikin tsiro barkatai. A tantanin ido kusan kowace ƙwayar ciki tana da tankarta guda, abin da ba a samu haka a yawancin sassan jiki.

To ga inda suga yake shigowa. Tsokar jiki da kitse suna da ƙofar da sai insulin, sinadarin da jiki yake yi don daidaita suga, ya buɗe kafin suga ya shige su da yawa. Waɗannan ƙwayoyi na hanyoyin jini kuwa zaurensu ba ƙyaure. Duk yadda suga ya yi yawa a jini, haka yake kwarara cikinsu, ba su iya cewa ya isa. Lafiyayyen mutum da bai karya kumallo ba, sugansa ba ya kai 100. Daga 126 ake kiran abin ciwo. Na Malam an samu 286, wanda a ma'aunin wasu asibitocin za ka ga an rubuta kusan 16, duk abu ɗaya ne. Ka duba ka gani, ƙwayar da aka halitta don ta sarrafa mudu ɗaya, ana ta ɗura mata biyu da uku, safe da yamma, shekara da shekaru.

A cikin kowace ƙwaya akwai 'yan murahu da suke ƙona suga su ba ta ƙarfi. Ka san abin da ke faruwa idan aka cusa wa murhu itace fiye da ƙima: wuta ba ta ƙaruwa, hayaƙi ne yake turnuƙe madafa. Haka waɗannan murahu suke fitar da wasu sinadarai masu ƙuna idan suga ya yi musu yawa, su riƙa cin ƙwayar daga ciki. Wanda ya rasa murhun shiga kuma sai ya bi wata ɓarauniyar hanya, a mayar da shi wani sinadari mai suna sobitol, wanda ba ya fita da sauƙi, kuma yin sa yana cinye abin da ƙwayar take kare kanta da shi daga wancan hayaƙin. Ragowar sugan da ke yawo sai ya riƙa manne wa furotin ɗin da aka gina bangon hanyar da shi, kamar yadda maɗi yake kama gindin tukunya. Bangon ya yi kauri, ya sandare, amma kaurin banza ne, don yoyonsa ƙaruwa yake.

Tanka ce take fara faɗuwa. Tun a 1961 wasu masu bincike a Boston ta Amurka, David Cogan da Toichiro Kuwabara da abokin aikinsu, suka narkar da naman tantanin idon masu suga da suka rasu, suka bar saƙar jijiyoyin zalla, suka duba ta a madubin likita. Sai ga guraben perisait nan a jere, fanko, masu wurin sun mutu sun bar kufai. Inda tanka ta ɓace, bango yakan yi rauni ya bunƙuro waje, kamar ƙululun da tsohon tiyon ban-ruwa yake yi kafin ya fashe. Waɗannan 'yan ƙululu su ne jajayen ɗigon da likita yake fara gani idan ya leƙa idon mai suga, tun mai idon yana rantsuwa ganinsa garau yake.

Daga nan ɗinkin da ke tsakanin ƙwayoyin ciki yake fara warwarewa. Ruwa da kitse su riƙa tsattsafowa cikin tantanin. Idan tsattsafin ya taru a ɗan wurin nan na tsakiya, sai ya kumbura, ya tashi kamar daɓen da ruwa ya shiga ƙarƙashinsa. Hoton da ya sauka a kan shimfiɗar da ta yi tudu da kwari dole ya lanƙwashe. Ina kyautata zaton karkacewar layukan da Malam yake faɗa daga nan take, kuma ka ga babu tabaran da zai miƙar da ita, don tabarau haske yake gyarawa, ba ya taɓa wurin da hasken yake sauka.

Sai mataki mafi muni. Fararen ƙwayoyin jini suna fara maƙalewa a bangon da suga ya gurje, ƙwayoyin cikin su mutu, hanyar ta toshe gaba ɗaya, ta zama busasshen zare. Fangalin da take shayarwa sai ya shiga ƙishin iska, ya fara kururuwar neman agaji ta hanyar fitar da wani sinadari da ake kira VEGF, wanda saƙonsa shi ne a tsiro da sababbin hanyoyi. Suna tsirowa kuwa, amma ginin gaggawa ne: sirara, ba tankar kirki, ba ɗinki mai ƙarfi, kuma maimakon su bi cikin tantanin sai su miƙe su shiga ruwan nan mai kauri kamar ɗanyen farin ƙwai da ya cika tsakiyar ido. Da ruwan ya ɗan ja su sai su tsage. Ƙudajen Malam ke nan da saƙar gizonsa, idan zatona ya yi daidai. In aka bar su, sukan zama tabo, tabon ya tsuke ya ɓamɓaro tantanin daga bango. Wani lokaci ma su tsiro ta gaba su toshe mafitar ruwan ido, ƙarfin ido ya hau, a nan ne kaɗai zafi yake zuwa, kuma kafin ya zo an yi nisa.

Na san wannan hanyar ba a littafi kaɗai ba. Yayana tela ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ga irin waɗannan ƙudajen da damina, ya ce sai kaka in an sami abin hannu. Ban matsa masa ba, saboda kunyar babba, irin wadda kake ji yanzu. Kafin a yanke gero ya tashi wata safiya idonsa na dama ya rufe da jan duhu. An ceto na hagu, dama kuwa ya tafi. Har yau idan na tuna yadda yake lalubar bakin allura da yatsa, ya kira jikansa ya zura masa zare, sai in ji da na yi masa rashin kunyar kwana ɗaya.

Yanzu batun shan magani sai an ji jiki. Wannan ɗabi'a ta cika ƙauyukanmu, kuma ina gane dalilinta, domin mun saba da zazzaɓi da ciwon kai, ka sha magani ka warke ka ajiye. Suga ba haka yake ba. Ƙoda ba ta fara zubar da suga cikin fitsari sai ya haura wajen 180. A nan ne fitsarin dare da ƙishirwa suke tasowa, a nan ne ake ganin kiyashi sun taru a makewayi. Ƙasa da haka mutum zai ji shi wasai, alhali murahun nan suna ta hayaƙi. Wato duk ranakun da Malam ya ji sauƙi ya ajiye ƙwaya, ranakun aiki ne ga cutar. Shuwaka kuwa ganye ce mai kyau a miya, ban hana shi ba, amma 286 ɗin da kuka gani da idonku ta isa shaida cewa ba ta riƙe masa sugan ba. Ɗaci a baki ba ya kashe zaƙi a jini.

An gwada wannan magana a kan mutane da yawa. A 1993 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka da Kanada, na mutum 1,441 masu nau'in sugan da ke kama yara da matasa. Waɗanda aka tsare sugansu sosai, haɗarin kamuwarsu da wannan cuta ta ido ya ragu da kashi 76 cikin 100. A 1998 wani binciken a Birtaniya, kan masu irin sugan Malam na manya, ya nuna tsare suga yana rage lalacewar ƙananan jijiyoyi, kuma tsare hawan jini ya rage ci gaban cutar idon da wajen kashi ɗaya cikin uku. Don haka a auna masa jini ma. Tiyon da ya riga ya yi ƙululu, ka san abin da zai faru idan aka ƙara wa inji wuta. A duniya kusan mutum ɗaya cikin uku na masu suga yana da wani mataki na wannan cuta a idonsa, kuma yawan shekarun da aka yi da ciwon shi ne babban abin da ke jawo ta.

Ba zan ɓoye maka ba, hanyar da ta mutu ba ta dawowa. Abin da ake yi shi ne a tsare ragowar, kuma sau da yawa ragowar tana da yawa. Idan sababbin jijiyoyi sun tsiro, ana amfani da hasken leza a ɗiɗɗiga gefe-gefen tantanin da ke cikin ƙishi, don kururuwar ta lafa, jijiyoyin su yanƙwane. Wannan aiki yana rage haɗarin mummunar makanta da fiye da rabi. Yana ɗan rage ganin gefe da ganin dare, gara ka sani tun yanzu don kada Malam ya ce an cuce shi. Kumburin tsakiya kuma allura ake yi masa a cikin ido, mai kashe ƙarfin VEGF. Jin sunan ya fi yin sa tsoro, don ana kashe zafin wurin da maganin ɗigawa, sai dai takan buƙaci maimaitawa, wata-wata a farko, kuma akwai kuɗi. Idan jini ya cika idon ya ƙi washewa, ko tantanin ya fara ɓamɓarowa, sai tiyata. Kowane mataki ya fi na bayansa tsada da wahala, shi ya sa nake ta maimaita maka makon nan.

Maganar kawunka, ka saurare shi da ladabi, amma kada ka bari ƙarfen mai cire yana ya kusanci idon nan. Gaskiya ne masu suga suna saurin yin yana, mai yiwuwa ma Malam yana da ita kaɗan. Amma yana a gaban ido take, hazo take kawowa a hankali, ba ta kawo ƙudaje dare ɗaya. Abin da mutumin kasuwa yake yi shi ne ya soka tsinke ya ture gilashin ido ya faɗa ciki. A idon da jijiyoyinsa suke zubar da jini, kuma mai suga wanda rauni ba ya saurin warke masa, wannan rufe ƙofa ne. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya tarar mafi yawan idanun da aka yi wa wannan aiki ba sa gani. Tabaran kasuwa ma ka dakata da shi. Idan suga yana hawa da sauka, gilashin cikin ido yana kumbura yana saɓewa, wanda ya yi daidai yau ba zai yi ba bayan sati uku. Sai sugan ya daidaita na 'yan makonni ake auna tabarau.

Mu zo kan abin da na ga ya fi damunka, yadda za ka tunkare shi. Kada ka je masa da wa'azi. Hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, shi ya koya maka, kuma babu uban da yake son ɗansa ya biya masa karatu. Ka bar idonsa ya yi masa magana. Ka same shi da hantsi, lokacin da almajirai suka tashi, ka durƙusa ka ce: "Baba, wani gwaji aka nuna mini, don Allah a gwada a gani." Ya buɗe Alƙur'aninsa, ya rufe idon dama da tafin hannu ya dubi layi ɗaya da zanen da ya kewaye shafin, sannan ya rufe na hagu ya sake dubawa. Mutane da yawa ba su san ido ɗaya ya yi nisa ba sai ranar da suka yi haka, domin mai ƙarfin yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Idan ya ga bambancin da kansa, kada ka ce komai, ka bar shi da tunaninsa zuwa azahar.

Sannan ka nemi wanda yake jin nauyinsa, ko limamin garinku, ko abokin karatunsa na ƙuruciya, ko yayarsa idan tana raye. Ka gaya wa wannan mutumin duk abin da na gaya maka, shi ya je ya ce, "Malam, gobe za mu raka ka Kano." Dattijo yakan ƙi shawarar ɗansa ya karɓi ita ɗin dai daga bakin sa'ansa, kuma ba girman kai ba ne, haka muka taso. Akwai kuma abin da ba zai faɗa maka ba: mai yiwuwa ya san kuɗin da ke hannunka na lefe ne, shi ya sa ya ce tabarau kawai. Iyaye sukan zaɓi su yi asarar ido da a ce sun hana ɗansu aure. Don haka kada maganar kuɗi ta fito daga bakinka a gabansa.

Ra'ayina kan kuɗin, ka taɓa su, kada ka ji ɗar. Amma kada ka ɗauki kayan nan kai kaɗai. Ka tara 'yan'uwanka maza da mata, na gida da na birni, ka faɗa musu gaskiya. Malamin da ya shekara talatin ko fiye yana karantarwa yana da ɗalibai a kasuwanni da tashoshi waɗanda za su ji haushi idan suka ji an ɓoye musu. Zuwan farko na dubawa ne, kuɗinsa ba ya kai na magani, daga nan za ku san abin da ke gabanku ku yi lissafi. Ka kuma tambaya a asibiti ko zai iya shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha. Gidan surukanka ka aika babba ya gaya musu halin da ake ciki. Mutanen kirki ba sa ƙin yaron da ya ɗaga biki don idon mahaifinsa.

Abinci kuma, maganar ba da Malam za ka yi ta ba, da mai riƙe da muciya za ka yi. Ka zauna da mahaifiyarka. Shayin safe mai cokali uku, fura da kunun da aka zuba wa suga, lemon kwalba da almajirai da baƙi suke kawo masa, rake, da zumar da ake ganin ai magani ce, duk suna tafiya jini kai tsaye. Tuwo ba a hana shi ba, a rage malmala, a yawaita miyar ganye, zogale da rama da kuka da kuɓewa, a riƙa haɗa masa da wake da gyaɗa, da kifi ko ƙwai in an samu. Masu cewa alkama da acca ba sa ɗaga suga, a ci iya ci, sun yi kuskure, su ma hatsi ne. Kada kuma a bar shi da yunwa yana shan ƙwaya, don wasu magungunan suna iya kayar da suga ƙasa sosai. In kuka ga gumi da rawar jiki da ruɗewa, a ba shi abu mai zaƙi nan take. Kuma saukar da sugan a bar wa likita ya tsara, domin idon da ya riga ya taɓu yakan ɗan ƙara rikicewa idan aka fizgo suga ƙasa da gaggawa, shi ya sa ake son likitan ido da na suga su san da juna. Kafin azumi ma a koma a tambaya ko zai iya.

Ku nemi gwajin da ake kira HbA1c. Na kemis yana faɗin sugan wannan sa'ar ne kawai, shi kuwa wannan yana auna yadda suga ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini, ya ba da labarin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ga yawancin mutane wajen 7 ake nema. A duba fitsarinsa ko ƙoda ta fara yoyo, a kuma cire masa takalmi a duba tafin ƙafa, don irin waɗannan ƙananan hanyoyin suna can ma. Kai da 'yan'uwanka ku ma ku gwada suga, yana bin jini.

Wurin zuwa, akwai asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, da asibitin ido na Makkah. Idan aikin ya fi ƙarfin nan, akan tura mutum Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Daga wajenku Kano ta fi sauƙin mota, ku yi sammako. Da kun shiga ka faɗa da bakinka: yana da suga shekara 11, ya ga baƙaƙen abubuwa farat ɗaya, muna so a ɗiga magani a buɗe idon a duba bayansa. Karanta haruffan jikin bango kaɗai bai wadatar ba. Ko da an ce da sauƙi, dubawar nan ta zama ta kowace shekara, ko yadda likita ya yanka muku.

Ka tafi da duk ƙwayoyin da yake sha a leda, har kwalayen da suka ƙare, da katinsa na asibiti, da ɗan abin da zai ci don layi yana da tsawo. Maganin buɗe idon zai sa ganinsa ya dushe, rana ta riƙa kashe masa ido na wasu sa'o'i, ka gaya masa tun a gida don kada ya tsorata, ka kuma riƙe hannunsa wajen tsallaka titi. Kafin ranar, kada ya ɗauki kaya mai nauyi, ya riƙa kwana da matashin kai biyu don jinin ya kwanta ƙasa. Idan kuwa kafin nan ya ce yana ganin walƙiya, ko wani labule yana rufo masa daga gefe, ku kama hanya a ranar, ko da shatar mota ce.

Idan kun dawo ka rubuto mini abin da likita ya ce ya gani a idon dama, da abin da ya gani a na hagu, da lambar da gwajin wata ukun ya nuna. Ka gaishe mini da Malam, ka ce ina roƙon ya sa ni a addu'a.